Kafin Ka Sauya wa Motarka Ƙafa

Duk wanda ya bi titin da ya taso daga Ƙofar Doka a Zariya ya ratsa Tudun Wada, ya wuce Agoro ya haye gadar Kubanni zuwa Sabon Gari, ya san yadda tayoyi suke a jibge a bakin hanya. Wasu sababbi ne cikin leda, wasu an wanke an shafe su sun yi baƙi wuluk, ga kuma rim na aloi an jingina a bango suna ɗaukar ido. Masu tsayawa a wurin iri biyu ne. Akwai matashin da Allah ya hore wa Corolla ko Honda, ta zo masa da baƙin rim na ƙarfe da murfin roba, ga Sallah ta matso ko bikin aboki, yana so motar ta fito. Akwai kuma direban haya, mai Golf ko Sharon da ke jigilar Funtuwa da Kano da Kaduna, wanda ado bai dame shi ba. Shi dai a ba shi taya mai tsayi, cikin motar ya daina gugar ƙasa in ya yi lodi. Buƙatunsu sun sha bamban, amma tambayarsu ɗaya ce: "Zai shiga?" Sai mai shago ya sa yaronsa ya ɗaga jak a gwada. In noti ya kama, taya ta juya, sai ka ji an ce, "Alhaji, ai kamar don ita aka yi shi." A biya kuɗi, kowa ya kama gabansa.

Wannan gwajin bai isa ba. Rim yana iya shiga, noti ya ɗauru, mota ta tashi lafiya lau, alhali ƙafar ba ta zauna daidai ba. Kuskuren da ke karya ƙafar mota sau da yawa bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To, a wannan sana'ar ido bai san komai ba, sai an karanta lamba.

Iyayenmu ba su sha wannan wahalar sosai ba. Tun da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, 504 ce ta cika gari, daga baya 505 ta biyo ta. Motocin ba su da yawan iri, kowane bakanike ya haddace ƙafarsu. Taya ma a gida ake yin ta, Michelin a Fatakwal, Dunlop a Ikeja. Michelin ta rufe masana'antarta a 2007, Dunlop ta bi sahu a 2008, kasuwa ta koma hannun masu shigo da kaya. Motocin ma haka: wannan daga Amurka, waccan daga Jamus ko Beljiyam, wata ta biyo ta Kwatano ba a ma san inda ta fara rayuwa ba. Kowace da ma'auninta, amma in rim ɗinsu ya zo kasuwa, wuri ɗaya ake tara su, inci ne kawai ake tambaya: sha biyar, sha shida, sha bakwai.

Inci kuwa ɗaya ne daga cikin ma'aunai da yawa, kuma ba shi ne mafi haɗari ba. Na farko da ya kamata a duba shi ne ramukan noti. Yawansu kowa yana gani, huɗu ne ko biyar ko shida. Abin da ba a gani shi ne faɗin da'irar da ramukan suka zauna a kanta, wanda ake rubutawa kamar haka: 5x114.3, wato rami biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3. Wannan shi ne na Camry da Sienna, da Accord ta 2003 zuwa sama. Corolla ta Amurka ta 2003 zuwa 2008, wadda ta cika Zariya, 5x100 ce. Marsandi da Sharon 5x112. Yawancin Golf 3 na haya 4x100, Peugeot 406 kuwa 4x108. Tsakanin 100 da 114.3 ba a samun rikici, don rim ɗin ba zai shiga ba ko an yi da ƙarfi. Rikicin yana tsakanin 112 da 114.3. Bambancin milimita 2.3 ne a faɗi, wato kowane rami ya kauce da milimita ɗaya da 'yan kai. Rim ɗin Marsandi zai iya zama a ƙafar wata mota mai 114.3 in ramukan na da ɗan sarari, noti kuma zai ɗauru. Amma kowane noti ya zauna ne a karkace, yana jan ƙarfen da aka ɗaura shi a kai, wanda kanikawa ke kira sitod, zuwa gefe guda. Duk juyin da taya ta yi, sitod ɗin yana ɗan lanƙwasa ya dawo. Ƙarfe yana jure wannan na wani lokaci, ran nan sai ya karye ba sallama. In ɗaya ya tafi, nauyinsa ya koma kan sauran, su ma ba sa daɗewa.

Akwai abin da ya fi wannan muni, kuma ana yi: a kai rim wurin mai injin huda ko mai zarto a faɗaɗa ramukan har su yi daidai. Bakin ramin nan an ƙera shi ne da siffar da kan noti zai zauna a ciki ya cika shi. Da zarar an goge shi, noti ya rasa mazauni, sai dai ya maƙale a gefe ɗaya. Duk rim ɗin da ka ga raminsa ya zama kamar an ja shi, ba zagayayye ba, ka bar wa mai shi kayansa ko da kyauta ya ba ka.

Sai babban ramin tsakiya. A ƙafar mota akwai wani ɗan tudu da rim ke hawa kansa, shi ne ke tsayar da shi a tsakiya cif. Na Corolla ɗin can milimita 54.1 ne, na Camry 60.1, na Accord 64.1, na Golf 57.1. Ka ga Camry da Accord ramukan notinsu ɗaya ne, amma rim ɗin Camry na asali ba zai hau ƙafar Accord ba, don raminsa ya yi ƙanƙanta. Na Accord zai hau Camry, amma ya bar sarari na milimita huɗu. Masu ƙera rim na kasuwa da gangan suke yin ramin da faɗi don ya shiga motoci da yawa, sai su haɗa da wani zobe na roba ko alminiyom da ke cike gurbin. Zoben nan ba shi da tsada, amma da wuya ya iso Tudun Wada tare da rim ɗinsa. In babu shi, rim yakan ɗan kauce daga tsakiya, sai mutum ya hau titin Kano, da ya kai kilomita 90 ko 100 sitiyari ya kama rawa a hannunsa. Ya koma a yi masa balansin, a manna darma, rawa ba ta daina ba. Ya sauya tayarod, ya sauya boris, ya zagi bakanike, alhali zobe ne kawai babu.

Noti ma ba duka ɗaya ba ne, ko da tiredinsu ya zo daidai. Na rim ɗin Honda na asali ƙasansa a dunƙule yake. Na aloi ɗin Toyota shimfiɗaɗɗe ne mai washa. Yawancin rim na kasuwa kuwa notin da ke da tsini suke so. In aka ɗaura tsohon noti a sabon rim, ƙarfe zai taɓa ƙarfe a ɗan siririn layi kawai, kuma irin wannan ɗaurin shi ne ke kwancewa da kansa. Tiredin ma ya bambanta: Toyota da Honda iri ɗaya ne, na Nissan ya fi nasu ƙanana, in aka tilasta sai ya cinye. Peugeot da Golf da Marsandi su ba noti gare su ba, dogon bol ne ke shiga cikin ƙafar. Aloi ya fi rim ɗin ƙarfe kauri, don haka tsohon bol yakan gaza tsawo. Hanyar ganewa ba wuya: ka ɗaura da hannu kana ƙirga zagaye. In bai yi bakwai zuwa takwas ba kafin ya tsaya, bai kama abin kirki ba.

A bayan rim, in ka juya shi ka goge ƙurar, za ka ga an zana wani abu kamar 7Jx17 ET45. Bakwai ɗin faɗin rim ne da inci, ET kuma yana nuna yadda ƙafar za ta shige ciki ko ta fito waje. Lamba ƙarama tana fito da taya waje, abin da samari ke so, don mota ta yi faɗi ta yi kwarjini. Kuɗin kwarjinin boris ne ke biya, ga taya na gugar bodi duk lokacin da aka ɗauki mutum uku a baya. Lamba babba kuma tana tura taya ciki ta goga shokozoba ko gidan burki. A zauna kusa da lambar rim ɗin asali, kada a yi nisa da ita. Faifan da ake sakawa a baya don a turo rim waje yana cin tsawon sitod, ya rage abin da noti zai kama.

Yanzu mu zo kan inci, inda son zuciya ya fi yawa. A gefen kowace taya akwai rubutu irin wannan: 195/65 R15 91H. Lamba ta farko faɗin taya ne da milimita. Ta biyu tsayin gefenta ne, kashi 65 cikin ɗari na faɗin, wato wajen milimita 127. Sha biyar kuma incin rim. In ka haɗa rim da gefen sama da na ƙasa, tsayin ƙafar gaba ɗaya ya kama milimita 634 ko 635. A kan wannan tsayin aka lissafa maleji da giya da burki da sararin da ke cikin madigadi. Saboda haka ƙa'idar ita ce, in rim ya ƙaru, dole gefen taya ya ragu, don jimillar ta tsaya inda take. Mai 195/65 R15 in zai koma sha shida, 205/55 R16 ce tasa, tsayinta 632. In sha bakwai yake so, 215/45 R17, tsayinta 625, ko 225/45 R17 in akwai sarari. Masana harkar sukan ce kada bambancin ya wuce kashi uku cikin ɗari.

Lissafi ya yi daidai, amma dubi abin da aka rasa. Gefen taya ya sauko daga milimita 127 zuwa 113 a sha shida, zuwa 97 a sha bakwai. Gefen nan shi ne gammon mota: shi ke shiga tsakanin kaya da mai ɗaukarsa. Wanda ya koma sha bakwai ya zare santimita uku daga gammonsa, sannan ya ce zai bi lungunan Gyallesu da Tudun Jukun da damina, ya hau tudun rage gudu da mutanen unguwa suka gina da kansu ba awo, ya faɗa ramin da ruwan Agusta ya rufe. In taya mai gajeren gefe ta daki bakin rami, robar takan matse tsakanin kwalta da bakin rim har zaren cikinta ya tsinke. Washegari sai ka ga ƙululu ya fito a gefe. Wannan ƙululun ba shi da faci, ba shi da magani. Iska ce ta ratsa inda zare ya yanke, saura fatar waje kawai ke riƙe da ita. Masu sayarwa za su ce maka siririyar taya ta fi kama hanya a kwana, kuma gaskiya ne, a kan titi mai santsi. An gyara hanyar Kaduna zuwa Kano, ba a musu, amma ba a kanta kake kwana ba. Ni dai a ganina, ƙaramar mota a Zariya ba ta da abin yi da rim da ya wuce sha shida, sai in da shi kamfani ya fito da ita. Babban rim da faffaɗar taya sukan fi nauyi kuma, su ƙara shan mai, abin da tun bayan cire tallafi a 2023 ba wanda ke ɗauka da wasa.

Direban haya shi nasa kuskuren ta ɗaya gefen yake. Ya ga tayar Camry, 215/60 R16, tana da yawa a kasuwa, ya ce a sa masa don mota ta tashi. Tsayinta milimita 664, ta ɗara ta asali da talatin. Amma rabin wannan ne kawai ke ɗaga mota, santimita ɗaya da rabi ke nan, kwalliyar da ba ta biya kuɗin sabulu ba. Abin da ya saya da kuɗinsa shi ne maleji mai ƙarya: allura na nuna 100, shi kuwa yana dosar 105. Mota ta yi nauyin tashi, burki ya ƙara aiki, in ya karya sitiyari har ƙarshe taya ta ci roba ta ciki. In nauyin kaya ne damuwarsa, lambar da ya kamata ya duba tana can ƙarshen rubutun. Wannan 91 ɗin ma'aunin nauyi ne, yana nufin taya ɗaya za ta ɗauki kilo 615. Mai 82 kilo 475 take ɗauka, mai 95 kuma 690. Harafin da ke biye na gudu ne: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240. Sau da yawa siririyar tayar ado lambar nauyinta ta gaza ta asali, kuma ba mai dubawa. Bas irin Hiace kuwa tayarta daban ce, mai harafin C a bayan incin, an ƙara mata ƙarfin gefe don lodi. Sa wa bas mai mutum goma sha takwas tayar ƙaramar mota ganganci ne da rayukan mutane, ko da ta shiga.

Shi kansa rim ɗin fa? Rim na ƙarfe ba shi da kyan gani, amma in ya daki rami lanƙwashewa yake yi, mai guduma ya miƙar da shi a ci gaba da tafiya. Aloi in ya ji wuya tsagewa yake yi, yawanci ta bakin ciki inda ba a gani. Alamarsa ita ce tayar da ke sacewa a hankali, a kai wa mai faci ya tsoma a ruwa ya rasa ƙusa. Abin da aka saba shi ne a kai wa mai walda. Wuta tana sauya ƙarfin alminiyom a kewayen inda aka ɗinke, sau da yawa sai ya sake tsagewa a gefen ɗinkin. Tsagar da ta kai ga ƙafafun rim ko ramin noti ba ta gyaruwa. Saboda haka mai sayen na hannu ya sa a wanke masa bayan rim, ya shafa da yatsa ya nemi tabon walda, don fenti yana rufe abubuwa da yawa. Sannan a ɗora shi a injin balansin ba taya, a juya a ga ko yana layi. Rim ɗin da aka yi wa gwajin ƙarfi a Japan yana ɗauke da tambarin JWL, sai dai masu jabu ma sun iya zana shi. A Jamus, wanda ya sauya rim sai ya riƙe takardar da ta nuna an amince da wannan rim a kan wannan samfurin mota, in ba haka ba ya gamu da hukuma. Mu nan ba mai tambayarka, kai ne hukumar kanka. Shi ya sa rim na asali da aka ciro daga mota irin taka, ko da ya ɗan koɗe, ya fi sabo mai walƙiya da ba a san wanda ya zuba shi ba. Wani gargaɗi kuma ga masu walda: kada a kusantar da wuta ga rim alhali taya na jikinsa, ko an sace iskar. Zafi yana iya tayar da wuta a cikin robar, ta fashe ta kashe na kusa.

Yawanci kuɗi a rim suke ƙarewa, sai a cike da tayar Beljiyam. A takarda, tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin kayan da Kwastan ta hana shigowa da su. A kasuwa kuwa su suka fi yawa, kuma ba zan yi kamar ban san dalili ba, sabuwar taya huɗu ba ƙaramin kuɗi ba ne. Amma in dole ta sa, a san abin da ake saye. A gefen taya, ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato rod sefti, wadda aka kafa a 1988, tana wa'azin cewa taya ta gama aiki bayan shekara huɗu da ƙera ta. Kamfanoni irin Michelin sun fi sassauci, sun ce daga shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, kada kuma ta wuce goma ko yaya zanenta yake. Wanda ya san tarihin tayarsa yana iya bin maganar kamfani. Wanda ya saye ta a bakin titi, bai san rana nawa ta sha ba, bai san ko an cusa ta cikin wata tayar a kwantena don rage kuɗin dako har wayar bakinta ta lanƙwashe ba, gara ya karkata ga maganar 'yan rod sefti. In ka ga an kankare wurin lambar, an ba ka amsa ke nan.

Akwai kuma tayar da zanenta ke da zurfi, ga laushi, ga araha, har mutum ya ji ya yi tsintuwa. Duba gefenta. In ka ga hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki, tayar hunturun Turai ce, an haɗa robarta don sanyin da ya gaza digiri 7. A watan Afrilu zafin Zariya yakan doshi 40, kwalta kuma ta fi haka nesa ba kusa ba. Irin wannan tayar tana saurin cinyewa, burki kuma ba ya kama ta yadda ya kamata a zafi. Wasu kuma suɗaɗɗiyar taya suke samu su bi tsohon zanen da wuƙa mai zafi su sassaƙa sabo. Ana gane ta da rashin daidaiton layi, da kuma ɓacewar 'yan tudun nan da kamfani ke sakawa a cikin kwarin zane, waɗanda in taya ta cinye ta kai kansu, saura milimita 1.6, an san ta ƙare.

Ɗaurawa ma ilimi ne. Wasu tayoyin suna da kibiya da ke nuna inda za su juya, wasu an rubuta gefen da zai kalli waje. Ranar 6 ga Maris 2016, ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar baya ta jif ɗinsu ta fashe. Rahoton Hukumar Kiyaye Haɗurra ya ambaci gudu da taka burki da ƙarfi bayan fashewar, ya kuma yi magana a kan yadda aka ɗaura tayoyin. Motar minista ke nan, ba Golf ɗin tasha ba. Darasin direba a nan shi ne, in taya ta fashe a guje, a riƙe sitiyari da hannu biyu, a sassauta totur a hankali, kada a danne burki sai mota ta lafa.

Iska ita ce abin da muka fi rainawa. Ka tsaya wurin mai faci, ya buga taya da ƙarfe ya saurara, ya ce, "Oga, arba'in da biyar zan sa maka, hanya za ka hau." Wani ma lambar da ke jikin taya yake karantawa, 44 ko 51, alhali wannan iyakar abin da tayar za ta jure ne, ba abin da motarka ke so ba. Na motarka yana kan 'yar takardar da aka manna a jikin ƙofar direba, yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35. Iska in ta yi yawa, tsakiyar taya ce ke cinyewa, mota ta riƙa tsalle, siririyar taya kuma ta ƙara zama dutse. In ta yi kaɗan, abin ya fi haɗari, don gefen yana ta lanƙwasa yana ɗaukar zafi har ya rabu. Wannan na cikin abin da aka yi ta muhawara a kai a Amurka a shekarar 2000, lokacin da Firestone ta janye tayoyi miliyan 6.5 bayan haɗurran Ford Explorer. Dokar da ta biyo baya ce ta sa motocin da aka sayar a can tun daga Satumbar 2007 suke da na'urar da ke kunna fitila a dashbod in iska ta ragu. A yawancinsu na'urar tana maƙale da bawul a cikin rim. Ka sauya rim, ka bar wa mai shago tsofaffin, ka bar masa na'urarka ke nan. Fitila ta kama ba ta mutuwa, sai a liƙe ta da baƙin salatif. Ka ce a ciro maka su a mayar a sabon. Ka kuma sayi gejinka na kanka ka ajiye a mota, ka auna da safe kafin taya ta yi zafi, musamman in hunturu ya shigo, don sanyi yana rage awon. Taya mai gajeren gefe ba ta nuna ta sace, tana iya rasa kashi ɗaya cikin uku na iskarta ido bai gani ba.

In taya biyu kawai aljihu zai iya saye, direbobinmu gaba suke sa sababbin, wai can injin yake. Manyan kamfanonin taya baya suka ce a sa. Gaba in ta zame kana da sitiyari a hannu. Baya in ta zame a kan jiƙaƙƙen titi, mota juyawa take yi da kai. Kuma kada a haɗa girma biyu a layi ɗaya, hagu daban dama daban.

Saura ɗaurin noti. Kowa ya taɓa ganin yaron shago ya zura dogon bututu a wil sifana ya hau kai yana tsalle, maigidansa na cewa, "Ƙara dai, kada ta kwance wa Alhaji a hanya." Toyota ta ce a ɗaure notin Corolla da Camry da ma'aunin ƙarfi 103, wato kamar a rataya kilo goma da rabi a ƙarshen sanda mai tsawon mita ɗaya. Yaro mai kilo sittin in ya tsaya a ƙarshen bututu mai wannan tsawon, ya ninka abin da ake so fiye da sau biyar, tun kafin ya yi tsalle. Sitod yana miƙewa, tiredi ya lalace, mazaunin noti a jikin aloi ya lotsa. Akwai sifana mai ma'auni da ke yin ƙara in an kai adadin, kuma shagon da ke sayar da rim na dubban ɗaruruwa bai kamata a ce ba shi da ita ba. A goge tsatsa da ƙasa daga fuskar ƙafar kafin a ɗora rim, a fara kowane noti da hannu, a ɗaure su a tsallake, wannan sannan na daura da shi, ba a jere ba. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100, kamar zuwa Kaduna ke nan, a sake bin su ɗaya bayan ɗaya, don sabon aloi yakan zauna ya saki.

Kafin ka bar shagon, buɗe but ka fito da wil sifanarka ka gwada a sabon rim. Ramukan wasu rim ɗin na kasuwa matsattsu ne, kan sifanar mota ba ya shiga, kuma ba a Tashar Yari da tsakar dare ya kamata ka gano haka ba. In an sa maka noti mai makulli, makullin ya zauna a mota, ba a aljihun wata rigar ba. Safayarka kuma har yanzu tsohon rim ne, sabon noti ba lallai ya zauna a kansa ba, don haka ka karɓi tsofaffin notinka na ƙafa ɗaya ka ƙulle a leda tare da jak.